Tukunyar Kifi da Gorar Ruwa: Yadda Za Mu Tsallake Zafin Jidda

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a zamanmu na wata-wata.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Zafi ya shigo, shi ya sa muka ga ya dace mu tunatar da juna abu biyu da suke hannunmu: ruwan da muke sha da abin da muke ɗorawa a wuta. Da yawanmu kan ce ai mun saba da rana tun daga gida. Gaskiya ne, amma zafin Sakkwato ko Damagaram busasshe ne, zufa na fita tana bushewa, jiki ya huce. A Jidda iskar teku cike take da laima, sai mutum ya jiƙe sharkaf bai huce ba, ruwan jikinsa kuwa yana ta tafiya. Ba mu manta da Hajjin 2024 ba, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, aka rasa mahajjata fiye da 1,300. Allah Ya jiƙansu. Hukuma ma ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Mu fara da ruwa. Kada mu jira ƙishirwa, musamman dattawanmu, domin tsufa na rage jin ta. Ma’auni mai sauƙi shi ne fitsari: in ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, jiki na neman ruwa. Barin haka yana maimaituwa yana wahalar da ƙoda, yana kuma jawo tsakuwa. Mu ɗaura shan ruwa da salloli biyar, kofi ɗaya ko biyu bayan kowace, sannan mai fita aiki kada ya bar gorarsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shayi mai sukari da lemun kwalba ba sa maye gurbin ruwa, ga masu ciwon suga kuma ƙarin matsala ne. Gara laban, ko zoɓo da ruwan tsamiya masu ɗan sukari kaɗan, ko kankana da kokwamba.

Wanda ya yi zufa da yawa ko yake gudawa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, a dai yawaita ba shi. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko zuciya, ya tsaya kan maganar likitansa.

In muka ga mutum ya fara ruɗewa ko sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba abin jira ba ne. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a zuba masa ruwa a jiki ana fifita, a kira motar asibiti a 997. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ya suma.

Sai tukunya. Allah Ya zaunar da mu a bakin teku, Ya halatta mana abin da ke cikinta, ko yanka ba ya bukata. Amma yawancinmu kaza soyayya da shinkafa mai maiƙo muka fi sani. Kifi ya fi sauƙin narkewa, yana dahuwa da wuri, uwargida ba ta daɗe a gaban wuta ba. Masana abinci na ba da shawarar a ci shi sau biyu a mako. Ba sai najil ko hamur masu tsada ba. Sardin da baga masu araha suna da man da ke amfanin zuciya. Mai ciki dai ta rage cin manyan kifaye irin su kanad.

In an je Bangala a je da sassafe. A duba idon kifin ya zama garau, a ɗaga kunnensa a ga cikin ja, in an danna tsokar ta dawo. A kawo shi gida cikin ƙanƙara, a wanke da lemun tsami don kashe ƙarni.

Maimakon suya, mu yawaita farfesu, domin romonsa ma ruwa ne. A dafa albasa, tumatir, tafarnuwa, citta, ɗan attarugu da daddawa a ruwa na minti 10, a jera kifin a hankali, a rufe, a bar shi minti 10 zuwa 15 ba tare da juyawa da ludayi ba. Daf da saukewa a watsa zogale ko alayyahu. A yi hattara da gishiri da dunƙule: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma masu hawan jini sun yi yawa a cikinmu. A tsince wa yara ƙaya. Abin da ya rage kada ya wuce awa ɗaya a waje cikin wannan zafi, a sa a firij.

Daga ƙarshe, ’yan’uwa, kowa ya san wani tsoho ko gwauro da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya. In an sauke farfesu a aika masa kwano, a tambaye shi ko ya sha ruwa. Shayar da ruwa na cikin mafificiyar sadaka, kuma masu shara da masu dako a layinmu suna bukata. Wanda zai iya ba da katan ɗin ruwa ya ga ’yan kwamiti bayan an tashi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.