Gidan Jama'a: A Gina Da Ƙasa, A Bar Itace Tsaye

Jawabi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na Matameye

 

Zancen yau zancen iska ne da gini.

Kowa ya san iska. Da ita mata ke shiƙar hatsi. Ita ke koro hadari. To, yanzu iska ta samu wani aiki: tana ba da wutar lantarki. Ana kafa dogon ƙarfe, a ɗora masa fukafukai biyu ko uku. In iska ta taso sai fukafukan su juya, inji ya ba da wuta. Ba a zuba mai, kuma babu hayaƙi. Filin da aka jera irin waɗannan injuna shi ake kira gonar iska.

Akwai ɗaya nan kusa, a Lambar Rimi cikin jihar Katsina, inda aka kafa inji 37. A ƙasar Senegal an buɗe wata mai inji 46 a shekarar 2020. Can ƙasar Turai, kusa da birnin Gilasgo, akwai wata babba mai suna Whitelee, mai inji 215. Mutane na zuwa kallonta, har da ƴan makaranta. Shi ya sa a shekarar 2009 aka buɗe gidan baƙi a wurin, inda mai zuwa zai zauna a yi masa bayani.

Ga inda darasin yake. Wurin da ke ba da wuta ba tare da ya ɓata ƙasa ba, bai kamata gidan baƙinsa ya zama mai ɓarna ba. Sai a gina shi da kayan da ke kusa. Sai ya yi sanyi da kansa, kuma ya daɗe.

Matameye ba ta da gonar iska. Amma tana da gine-ginen jama'a: ɗakin karatun manya, ɗakin taro, bankin cimaka. Wannan darasi ya shafe su duka.

Wahalar gini tana wajen rufi. Rufin azara yana cin giginya da goruba, ga shi giginya tana shekaru da yawa kafin ta ƙosa. Rufin kwano yana cin kuɗi. Da bazara ɗakin kwano kamar tanda yake. In ruwa ya sauko, ɗalibi ba ya jin muryar malami. In guguwa ta zo, tana iya kwashe shi.

Manoman Matameye da Magariya da Mirya sun yi suna. Tun wajen shekarar 1985 suke barin gawo ya girma cikin gonakinsu, har ƙasa ta farfaɗo. Wanda ya sha wahalar renon itace bai kamata ya bari gini ya cinye shi ba.

Akwai mafita: gini ba itace. An fara gwada shi a Nijar a shekarar 1980, a Cikal, cikin ƙasar Filinge. Dabarar ta fito ne daga ƙasar Masar. Wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta koya wa magina da yawa wannan aiki. Ana buga ƙananan tubalan ƙasa, a shanya su a rana. Magini na jera su a karkace, layi bisa layi, har rufi ya haɗe kamar tuluwa. Ba azara, ba kwano.

Kada a ce ginin ƙasa na matalauci ne. A Dandaji, cikin jihar Tawa, wata ƴar Nijar mai ilimin zanen gini, Mariyama Kamara, ita da abokiyar aikinta, sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Tsohon masallacin kuwa aka gyara shi ya zama ɗakin littattafai. An gama a shekarar 2018.

Duk garin da zai gina ɗakin jama'a, ga abin da zai kiyaye:

1. A zaɓi tudu. Kada a yi gini kan hanyar ruwa.

2. A zurfafa tushe, a sa dutse ko marmara.

3. A yi bango mai kauri. Shi ke tare zafin rana, shi ke ɗauke da nauyin rufi.

4. A lura da iska. Hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi son yaɓe mai kyau. Ƙofa da tagogi su dubi kudu da arewa.

5. A bar ƴan kafofi can sama. Iska mai zafi sama take hawa, ta nan za ta fita.

6. A sa indararo mai tsawo, don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

7. A shuka itatuwa wajen yamma, don inuwar la'asar.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, rufin ƙasa yana tura bango waje. Wanda bai koyi aikin ba kada ya taɓa, don rufi na iya faɗowa kan mutane. A nemi maginin da ya samu horo. Na biyu, ginin ƙasa yana son kulawa. Kowace shekara, kafin ruwan fari, a hau a duba tsaga, a sake yaɓe. Garin da ya yi sakaci shekara biyu, shi da kansa ya rushe ɗakinsa.

Ƙasa kyauta ce. Ruwa da buga tubali aikin gayya ne. Kuɗin da za a kai kasuwa a sayo kwano, sai su shiga hannun maginin gari.

In an tashi daga karatu, kowace cibiya ta zauna ta yi shawara. Ina ƙasa mai kyau take a garin? Wane saurayi za a tura ya koyi aikin? Wa zai riƙa duba rufi kowace shekara? A rubuta amsa a takarda, a kai wa mai gari.

Allah ya ba da damina mai albarka.