Jiya talaka ke yi wa ɗan takara karo-karo, yau da taliya ake sayen ƙuri'arsa

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), Malamin ya soma jawabinsa ga matasan da suka taru a Daura, wasunsu daga Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, da tambayar ko sun san nawa APC ta sayar da takardar neman takarar Shugaban ƙasa a 2022. Da ya ji shiru sai ya ce Naira miliyan 100, PDP kuwa miliyan 40. Ya ce takarda ce fa kawai, ba a buga hoto ba, ba a ɗauki hayar mota ba, ballantana a je wajen daliget.

Malamin ya ce mutanen Daura sun fi kowa cancantar tsayawa su yi nazarin wannan, domin a ƙofar gidansu abin ya faru. Ya ce ba cin naman mamaci zai yi ba, tarihi ne. A 2014 marigayi Muhammadu Buhari ya fito ya ce bashin banki ya ci ya sayi takardar takara ta Naira miliyan 27 da rabi. Sai tausayi ya kama talakawa. 'Yan acaɓa, masu shayi da 'yan tireda suka riƙa zuba ɗan abin da suka samu a asusunsa, har wata tsohuwa a jihar Kebbi ta miƙa masa Naira miliyan ɗaya, gumin shekarunta. Ya ce a lokacin nan talaka ya nuna ƙarara cewa ya gaji da siyasar kuɗi.

To amma, in ji Malamin, a ranar 25 ga Fabrairun 2022 shi Buharin ne ya sa hannu a Dokar Zaɓen da ta ɗaga iyakar abin da ɗan takarar Shugaban ƙasa zai kashe daga biliyan ɗaya zuwa biliyan biyar, na Gwamna daga miliyan 200 zuwa biliyan ɗaya. Gudummawar da mutum guda zai iya ba ɗan takara kuma ta tashi daga miliyan ɗaya zuwa miliyan 50. Ya ce wannan shi ne abin da 'yan majalisa suka kira gyara, alhali an faɗaɗa wa mai kuɗi ƙofa ne kawai.

Ya tunatar cewa ciwon tsoho ne. A 1992 Babangida ya soke zaɓen fid da gwanin da Shehu Musa 'Yar'aduwa ke kan gaba a SDP, bisa hujjar an yi maguɗi da ruwan kuɗi. Bayan shekara 30 aka sauya fasalin Naira gab da zaɓen 2023, aka ce don a hana sayen ƙuri'a. Talaka ne ya kwana a layin banki, shi kuwa ɗan siyasa ya koma rabon taliya, atamfa da turawa ta waya.

Daga nan Malamin ya juyo kan matasan. Ya ce maganar da ya fi ji a majalisun hira ita ce, “Ai kuɗinmu ne suka sata, mu karɓa mu zaɓi wanda muke so.” Ya ce rabin farko na maganar gaskiya ne. Amma wanda ya zuba miliyoyi ba wawa ba ne, ya daɗe da gane wannan dabarar. Shi ya sa yake tsayar da yaronsa kusa da akwati, sai ka ɗaga takarda ya ga inda ka dangwala kafin a biya ka. Ya ce a yi lissafi: in an ba ka Naira 2,000, ka raba ta a kan kwanakin shekara huɗu, ba ta kai Naira ɗaya da rabi a rana ba. Kuma duk ranar da ka je da kukan ruwan sha ko takin zamani, amsarka ita ce an riga an sallame ka. Ya ƙara da cewa rashawa ce, hukuncinta sananne ne a addini, kuma ita kanta dokar ta 2022 ta tanadi tarar da za ta iya kai Naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ga mai bayarwa da mai karɓa.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya ce to yaya za a yi da mahaifiyar da ta kwana da yunwa, aka kawo mata taliya har gida? Malamin ya ce shi bai zo don ya zargi tsohuwa ba. Ya ce a tambaya dai, wa ya rubuta sunanta a takarda, wa ya ɗauko katon ɗin daga mota, wa ya cire kasonsa kafin ya miƙa mata? Ya ce Alhaji bai san zaurenta ba, ɗan unguwarsu ne ya kai, kuma sa'anku ne.

An tashi taron da addu'a gab da sallar Magariba.