Ƙotar Tsohuwar Bindiga Da Allon Makarantarmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara)

 

Da Malam Sakatare ya tambaye ni a kan me zan yi magana, na ce masa a kan bindiga, sai ya yi shiru, can ya ce, "Haba ɗan'uwa, a wannan zamani?" Yana da gaskiya. Kalmar nan ta zama abin firgita a ƙasarmu, kuma a cikinmu akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da 'yan'uwansu. Allah ya ji ƙansu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Saboda haka bari in faɗa tun da wuri, ni ba ni da bindiga, ban kuma zo in kwaɗaita wa kowa ita ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakarta ba tare da lasisi ba. Maganata a kan katako take, in kuma kun yi haƙuri za ku ga inda ta shafi wannan ɗakin taro da muke zaune a ciki.

Shekarun baya kaɗan wurin aikinmu ya tura ni kwas na 'yan watanni a Amurka. A can na saba da wani dattijo, surukin wanda na zauna a gidansa, tsohon kafinta ne da ya ajiye aiki. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne tara tsofaffin bindigogi irin waɗanda iyayenmu suka sani a silima, mu kuma muka gani a talabijin, a hannun kaboyi. Su ne bindigogi masu liba, wato wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama. In an tura shi ƙasa sai ya tofar da kwanson harsashin da aka harba, ya ɗana bindigar, in an mai da shi sama sai sabon harsashi ya shiga. Duk wanda ya taɓa ganin yadda maharbi ke ɗura wa adaka albarushi ta baki yana dakawa, ya san irin ratar da ke tsakaninsu.

Asalin abin daga garin New Haven ne, a jihar Konetikat. A 1860 wani maƙeri, Benjamin Tyler Henry, ya fito da bindiga mai ɗaukar harsashi 15 a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin hancinta, aka kuma yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Mai kamfanin, Oliver Winchester, da ɗinkin riguna ya yi arziki kafin ya shiga wannan harka, kuma daga 1866 kamfanin ya koma amsa sunansa. Samfurin 1866 mai jikin tagulla har Daular Usmaniyya ya kai, sojan Usman Fasha sun riƙe shi a Filebna a 1877, inda suka tsare rundunar Rasha wata da watanni. Samfurin 1873 an ƙera fiye da 700,000. Daga baya John Browning ya tsara musu na 1886 da 1892 da 1894, wannan na ƙarshe ya haura miliyan 7 kafin a rufe masana'antar New Haven a 2006. Dattijon nan ne ya nuna mini wata ƙarya ta 'yan fim: bindigar da John Wayne ya fi riƙewa samfurin 1892 ce, alhali yawancin labaran da yake fitowa a ciki sun girme ta da shekaru. Ya kuma tuna mini cewa tarihin nan akwai jini a ciki, don a kan ƙasar Indiyawan asali aka yi ta faɗan. A yaƙin Little Bighorn na 1876 ma, wasu mayaƙan Lakota da Shayen masu liba suka riƙe, sojan gwamnati kuwa na hannunsu harbi ɗaya take yi a sake ɗurawa.

To, masu tara waɗannan kaya suna da ƙa'idojinsu. Suna duba lambar da ke jikin ƙarfe su gane shekarar ƙira. Dokar Amurka ma tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. A garin Kodi na jihar Wayomin akwai gidan tarihin bindigogi da ke riƙe da tsofaffin littattafan kamfanin, in ka aika da lamba sai su rubuto maka abin da aka rubuta game da ita ranar da ta bar masana'anta. Amma ƙa'idar da ta fi ba ni mamaki ita ce wannan: bindigar da ba a taɓa gyara ta ba, ko da ta dushe ta yi tabo, ta fi wadda aka goge ta yi sheƙi daraja nesa ba kusa ba. Na ce masa, "Baba, yaya za a ce gyara ya rage wa abu kuɗi?" Ya ce masu saye shekarun da ke jikin icen suke biya, sanfefa kuwa cikin minti goma take cinye shekara ɗari.

Saboda haka shi ba ya taɓa ƙotar bindiga sai in ta tsage, ko mai ya jiƙa ta, ko kuwa wani ya riga ya ɓata ta da fenti. Ƙotar da icen walnat ake yin ta, ice ne mai duhu, mai kyawun zane, in za a kwatanta a ce maɗacinmu. Cutar da ta fi kama ta ita ce man da ake zuba wa ƙarfe. In an jingine bindiga a tsaye shekara da shekaru, sai man ya riƙa gangarowa yana shiga wuyan ƙotar, wurin ya yi baƙi ya yi laushi. Na zauna na ga yadda yake yi. Da farko ya kwance icen daga ƙarfen da sukundireban da ya yi daidai da kan kowace kusa, don kada ya ci mata baki. Sai ya kwaɓa garin alli da sinadari mai narkar da mai, ya shafe wurin, ya bar shi ya bushe, allin ya tsotso man ya koma ruwan ƙasa, ya kakkaɓe ya sake, wani lokaci har mako biyu ana abu ɗaya. Inda icen ya lotsa, sai ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya danna da dutsen guga mai zafi, tururi ya kumbura wurin ya taso da kansa. Sanfefa sai a ƙarshe, mai laushi, a naɗe a jikin ɗan katako, ana bin zanen icen, ba a kusantar gefen da ke haɗuwa da ƙarfe. Dalili kuwa, a masana'anta akan bar icen ya ɗan ɗara ƙarfen tudu, in masani ya shafa da yatsa ya ji icen ya nutse, ya san an yi ɓarna, kuma ba ta gyaruwa.

Daga nan sai man linsid. Ɗigo biyu ko uku yake sawa a tafin hannu, ya murza har icen ya yi ɗumi, ya goge saura, ya rataye. Kullum sau ɗaya har mako guda, sa'an nan mako-mako har wata, sa'an nan wata-wata har shekara. Tsumman da ya sha man kuwa ba ya barinsa a dunƙule, yana iya kama wuta da kansa, sai ya shanya shi a fili ko ya tsoma a ruwa.

Wata rana ya ba ni wata karyayyar ƙota mara daraja in gwada hannuna. Kun san halinmu na 'yan boko, na ga abin yana tafiyar hawainiya. Da ya shiga cikin gida sai na ɗauko sanfefa mai kaushi na bi ta tas, kafin ya dawo ta yi sumul kamar madubi. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ya jujjuya ta, ya ce, "Ina haruffa biyun da ke nan gefe?" Ashe wani mai ita na can da ya sassaƙa farkon sunansa da wuƙa, ni kuwa na ɗauka ƙarzuwa ce. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi wataƙila shaidar da ta rage ta mutumin nan a duniya ke nan. Na fi kwana uku abin yana damuna.

Shi ne ya ba ni labarin wata Winchester samfurin 1873 da ma'aikatan gandun Great Basin a jihar Nebada suka tsinta a watan Nuwamba na 2014, a jingine a jikin bishiya, ta yi tsatsa, icen ya yi fari ya tsattsage. Lambarta ta nuna a 1882 aka ƙera ta. Da aka kai ta Kodi, masana ba su goge ta ba, ba su shafa mata mai ba. Wani ɗan danƙo kawai suka sa don icen ya daina zuba, suka ɗauki hoton cikinta, suka tarar da harsashi ɗaya a ɓoye cikin ƙotar. Suka bar ta da kamannin da aka tsince ta da su, aka mai da ita gandun.

Mai girma Shugaba, yanzu na iso inda na dosa. Ku ɗaga kai ku dubi allon maɗacin nan da ke bango, mai ɗauke da sunayen shugabannin ɗalibai tun daga rukunin farko. Na karanta a rahoton kwamitin ayyuka cewa an ware kuɗi a kankare shi, a yi masa fenti mai sheƙi, a sake rubuta sunayen, a kuma sayar da tsofaffin teburan aji ɗaya a matsayin itacen wuta. Na san da kyakkyawar niyya aka yi, kuma 'yan kwamitin sun cancanci godiya a kan rufin ɗakunan kwana da suka gyara. Amma rubutun allon nan hannun malamai ne da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kowace shekara da irin hannunta. Teburan nan kuwa, wa ke nan da bai sha bulala a kan sassaƙa sunansa a jikinsu ba? Wasu masu sunayen yau alƙalai ne da likitoci, wasu kuma sai dai addu'a. In injin kankara ya bi ta kansu sau ɗaya, duk kuɗin ƙungiyar nan ba za su dawo da harafi ɗaya ba.

Roƙona uku ne. Na farko, a dakatar da aikin allon, a ɗauki hotonsa layi-layi a kwafe sunayen a littafi. Na biyu, a samo kafinta mai haƙuri ya wanke shi da ɗan ruwa da sabulu mara ƙarfi, ya kashe gara, ya ɗaure inda ya tsage, ya shafa masa mai kaɗan bayan an gwada a bayansa, sababbin sunaye kuma a yi musu sabon allo a gefensa. Na uku, a zaɓi tebur goma a ajiye a ɗakin karatu, sauran da ke da ƙwari a gyara wa ƙannenmu. Kuɗin mai da ladan kafinta na ɗauka, kuma ina da hutun mako biyu da zan zo in tsaya a kan aikin, in kwamiti ya yarda. Wannan karon na yi alkawari ba zan zo da sanfefa mai kaushi ba.

Ku kuma ƙannenmu, kada ku ce na ba ku izinin sassaƙa tebur, bulalar tana nan. Allah ya ji ƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.