Faɗuwa Ma Sai da Iyawa: Yadda Mahayin Keke da Babur Zai Tsira da Jikinsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu muna ƙuruciya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu ɗaliban yanzu, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, na san kuwa ba don na fi kowa sani ba ne, sai don an san na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake fara kai waɗanda suka yi haɗari.

Maƙasudin jawabina shi ne faɗuwa daga kan keke da babur. Na san wani zai ce, to faɗuwa har sai an tara jama'a an yi jawabi a kanta? Amsar ita ce, dukkanmu nan an koya mana hawa. Wani yayansa ne ya riƙe masa kariya yana bin sa da gudu, wani kuwa keken haya ya ɗauka ya koya wa kansa a bayan gari. Amma da wuya a sami wanda aka zaunar da shi aka koya masa abin da zai yi da hannunsa da wuyansa in abin hawan ya ƙwace. Yawancin karayar da nake gani kuwa daga nan take tasowa.

Bari in fara da mutanen da suka fi kowa faɗuwa a duniya, wato masu hawan keke mai taya ɗaya, irin wanda muke gani a talabijin da wayoyinmu. Keke ne da ba shi da kan riƙewa, yawancinsa ba shi da birki, daga sirdi sai feda sai taya guda. Wani matashi ɗan Ingila mai suna Ed Pratt ya zaga duniya a kan irin wannan keke daga 2015 zuwa 2018. Wanda ke koyon hawansa yakan faɗi sau da yawa a yini guda, amma galibi a kan ƙafafunsa yake dira, domin darasin farko da ake ba shi shi ne in ya ji keken zai tafi, ya bar shi ya tafi, kada ya tsaya ceton ƙarfe. Ana kuma sa shi ya ɗaura abin kare wuyan hannu da hular kwano, saboda an san wuyan hannu da kai ne kan fara taɓa ƙasa in dirar ba ta yi kyau ba.

Haka abin yake a kokawar Japan da ake kira judo, wadda wani malami mai suna Jigoro Kano ya kafa makarantarta a Tokiyo cikin 1882. Sunansa kawai ya yi kama da na birninmu, babu dangantaka. A wannan kokawa, kafin a koya wa yaro kayar da abokinsa, sai an koya masa yadda zai faɗi bai ji ciwo ba, ya yi ta maimaitawa har jikinsa ya haddace. Sojojin da ke dira da lema daga jirgin sama ma haka ake yi musu. Ashe ke nan faɗuwa ilmi ce, ana koyarta kamar yadda ake koyon hawa.

Yanzu mu dawo gida. Daga Ɗankaza zuwa cikin Wudil, daga Lajawa, Utai, Darki, Indabo da Achika, keke da babur su ne ƙafafun jama'a. Da su ake zuwa gona da makaranta, da su ake kai mara lafiya asibiti. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta Wudil, manyan motoci ba sa ɗaukewa dare da rana, ranar Juma'a kuwa kasuwar kara takan cika hanya da shanu da motocin da suka zo lodi. Mahayin da tirela ta matse shi dole ya sauka gefen titi, gefen titi kuwa yashi ne da tsakuwa, inda tayar gaba ke zamewa. Ko da gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, babur bai bar ƙauyukanmu ba, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ne a kansa.

To me mutum zai yi in faɗuwa ta zama dole? Zan kawo abubuwa biyar.

Na farko, ka saki abin hawan. Mutane da yawa sukan ƙanƙame kan babur don tsoron kada ya lalace, musamman in na aro ne ko na bashi, sai ya faɗo musu a ƙafa, ya karya ƙauri ko salansa ta ƙona su. Bakanike zai gyara babur da yamma, ƙafa kuwa sai ta yi watanni. Garin neman gira kada a rasa ido.

Na biyu, kada ka miƙe hannu ka tokare ƙasa. Wannan shi ne abin da jiki ke yi da kansa, shi ne kuma ke karya mutane. In hannu ya miƙe sambal ya daki ƙasa, duk nauyin jiki da ƙarfin gudu sukan taru a wuyan hannu, in bai karye a nan ba ƙarfin ya wuce gwiwar hannu, ko ya goce kafaɗa, ko ya karya siririn ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Abin da ake so shi ne ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka jawo hannuwan kusa da jiki, su zama garkuwar fuska.

Na uku, ka sunkuyar da kai, haɓa ta taɓa ƙirji. Yin haka ke hana ƙeya dukan ƙasa in ta baya aka faɗi, ya kuma hana fuska shiga kwalta in ta gaba ce.

Na huɗu, ka dunƙule ka mirgina. Ku dubi bambancin tulu da ƙwallo in an jefar da su. Tulu wuri ɗaya yake dira ya fashe, ƙwallo kuwa gangarawa take yi har ƙarfinta ya ƙare. Ka yi ƙoƙari gefen jikinka ya fara sauka, inda akwai nama, wato cinya da bayan kafaɗa, sa'annan ka bar jiki ya juya. Kada ka sandare, domin sandararren jiki ya fi saurin karyewa. In kuwa babur ne da gudu ya zame da kai a kan kwalta, to ka bar jiki ya sulale, kada ka yi yunƙurin miƙewa sai ka tabbata ka tsaya cak, in ba haka ba ƙafa za ta kama ƙasa ta sake wurga ka.

Na biyar, da zarar ka tsaya, in kana iya motsi, ka fice daga kan titi. Motar da ke bayanka ta fi faɗuwar haɗari. Takalmi da hula da buhun da ya zube duk su jira.

Sai dai, 'yan'uwa, duk wannan dabara tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce gudu. Malamanmu na kimiyya suna zaune a nan, su ne shaidata: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Wanda ya yi karo yana gudun kilomita 50 a awa, kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 10 ne, wato kamar daga bene mai hawa uku. A irin wannan hali babu mirginawar da za ta ceci kai mara hula. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wannan ya kawo ni kan hular kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009. Da yawanmu mun tuna yadda wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a kansu don su wuce jami'ai, har labarin ya kai kafofin watsa labarai na ƙasashen waje. An yi dariya a lokacin, amma abin ba na dariya ba ne. Binciken likitoci ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwar mahayin babur da kimanin kashi 40 cikin 100, tana kuma rage haɗarin raunin kai da kimanin kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Sharaɗin hular shi ne ta yi wa kai daidai, a kuma ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan duka mai ƙarfi kuwa a sauya ta, ko da ba a ga tsaga a waje ba. Masu cewa tana da zafi, gaskiya ne, rana a nan ba ta wasa, amma gumi ana share shi.

Har ila yau akwai ƙananan abubuwa da ke hana faɗuwar tun asali. Babbar riga, zane da dogon hijabi a tattare su kafin a hau, don kada taya ko sarƙa ta kama. Na ga mata da aka fisgo ta baya ta wannan hanya. Yaron da aka goya a kariyar keke a lura da diddigensa kada ya shiga taya. Kada a damƙe birkin gaba gaba ɗaya a kan yashi ko a kwana. Silifas ba takalmin hawa ba ne. Mutum huɗu a babur ɗaya kuwa, ga buhu a kan tanki, ai an riga an gayyato faɗuwa.

Bari kuma in yi magana kan mu masu kawo ɗauki, domin sau da yawa kyakkyawar niyya ce ke ƙarasa abin da haɗari ya fara. Al'adarmu ce in mutum ya faɗi a ruga, wani ya kama hannu, wani ƙafa, a sunkuce shi, a yayyafa masa ruwa, a ɗura masa. In akwai karaya a wuya ko a gadon baya, wannan sunkutar na iya taɓa laka, mutum ya shanye har abada. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a nemi katako ko ƙyaure a kwantar da shi a kai kafin a ɗauka. Kada a cire masa hular kwano sai in tana hana shi numfashi. Kada a ba shi ruwa ko abinci. Inda jini ke zuba a danne da tsaftataccen ƙyalle. Lambar kiran gaggawa ta 'yan kiyaye haɗurra ita ce 122, ya kamata kowa ya ajiye ta a wayarsa.

Wanda kansa ya bugu, ko da ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce lafiya lau, a sa masa ido yini da kwana. Jini kan taru a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum yana hira da rana, da dare a tashe shi ya ƙi tashi. In an ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko yawan barci, ko ruɗewar magana, ko jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, to sai asibiti nan take. Ƙujewa kuma a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu, a fitar da yashi, a je a yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Kada a zuba ƙasa ko man birki a ciwo.

Game da karaya, ba na raina masu ɗori, sana'a ce ta gado, kuma jama'a sun yarda da su. Amma akwai abin da ya fi ƙarfinsu. Karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ke kan gaɓa, da ta cinya ko ƙugu, na asibiti ne, a ɗauki hoto a gani. In an yi ɗori sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko mutum ya daina jin su, to ɗaurin ya hana jini gudu, a sassauta a garzaya asibiti. Yara da dama sun rasa hannu ta haka a kan karayar da ba ta taka kara ta karya ba. Allah ya hore mana Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, daga Wudil zuwa Kano kuwa tafiyar kimanin kilomita 40 ce.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma malamanmu na addini sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, jiki kuma amana ne da za a tambaye mu a kansa.

Daga ƙarshe, Mai girma Shugaba, ina da roƙo guda biyu ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, tunda faɗuwa ba a koyonta da kunne kawai, mu roƙi hukumar makaranta ta ware lokaci a darasin motsa jiki, a zuba yashi mai laushi ko a shimfiɗa tsofaffin katifu, a koya wa yara sunkuyar da kai da mirginawa, a fara daga tsugune, sa'annan daga tsaye, har jikinsu ya saba. Ni da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da ke cikin ƙungiyar nan a shirye muke mu zo mu ƙara musu da taimakon farko. Na biyu, duk wanda ke da babur a cikinmu, ko ya saya wa ɗansa, ya haɗa da hular kwano biyu, ya kuma fara sawa da kansa, domin yaro abin da ya ga babba na yi shi yake yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kiyaye mu da zuriyarmu a kan hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.