Wa ke yanke cewa kan yaro ba ya ja? Jawabi kan yaran baƙar fata da azuzuwa na musamman a Amurka

 

Yau maganar makarantun Amurka za mu yi. Na san akwai mai cewa a ransa, mu da ƙannenmu ke karatu cikin rumfar zana, me ya kai mu Amurka? To ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

A 1975 majalisar Amurka ta yi doka, shugaba Gerald Ford ya sa hannu, cewa duk yaro mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta a makarantar gwamnati, kuma karatun da ya dace da halinsa. Kafin nan yara wajen miliyan 1 ne aka rufe wa ƙofar makaranta gaba ɗaya. A 1990 aka sake wa dokar suna, ta koma IDEA. Yanzu yara sama da miliyan 7 ke ƙarƙashinta, wato kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan makarantun gwamnati. Doka ce mai kyau, ba na ƙin gaskiya. Makaho ya samu littafinsa, kurma ya samu mai yi masa magana da hannu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. In ka duba rukunin makanta ko na kurumta, bambanci tsakanin baƙi da fari bai taka kara ya karya ba, don likita ne ke aunawa da na'ura. In ka koma rukunin da ra'ayin mutum ke yankewa, wato "raunin ƙwaƙwalwa" da "rikicin hali", sai ka tarar yaro baƙar fata ya kusan ninka sauran yara sau biyu wajen samun wannan tambari. Kuma in an manna masa, ya fi ɗan farar fata yiwuwar a fidda shi daga cikin 'yan ajinsu a kai shi ɗaki daban.

Abin ba na yau ba ne. A 1954 kotun ƙoli ta hana raba makarantu bisa launin fata. Da aka fara haɗa yaran a gini guda, a wurare da dama sai rabuwar ta koma cikin gida: makaranta ɗaya, amma aji biyu. A 1968 wani masani mai suna Lloyd Dunn, wanda shi kansa a wannan fanni ya yi rayuwarsa, ya rubuta cewa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na yaran da ke ajin masu ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa 'ya'yan talakawa ne da tsirarun ƙabilu, ya kuma tambaya ko akwai hujjar ajin ma.

Shari'a biyu nake so ku riƙe, duka a jihar Kaliforniya. Ta farko a 1970, ana kiranta shari'ar Diana. Yara 9 ne 'ya'yan leburorin gona 'yan asalin Meziko, a gida Sifaniyanci suke yi. Aka yi musu jarrabawar auna basira, wadda ake ce wa IQ, da Turanci. Diana ta samu 30, makin da ke nufin mutum da ƙyar yake iya kula da kansa. Da aka sake mata da harshen da take ji, ta samu 79. Yarinya ɗaya, kai ɗaya. Mafi yawan yaran sun haye makin da ake kai mutum wancan aji da shi. Ku da kuka shiga lakwal kuna shekara 6 ko 7 mushe ya tarbe ku da Faransanci, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Yaron da ke iya kirga awakin gidansu har ya san wadda ba ta shigo ba, a tambaye shi biyu da uku da harshen da bai taɓa ji ba, sai ya yi tsit, sai a ce daƙiƙi ne.

Ta biyu ita ce shari'ar Larry P., da aka shigar a San Faransisko a 1971. A lokacin baƙaƙen yara kusan kashi 10 cikin 100 ne na 'yan makarantar jihar, amma kusan kashi 25 ne a ajin masu raunin ƙwaƙwalwa. A 1979 alƙali Robert Peckham ya hana amfani da jarrabawar IQ wajen tura yaro baƙi wannan aji. Wanda aka kai ƙara, shugaban ilimin jihar Wilson Riles, shi ma baƙar fata ne, don haka kar mu ɗauka sai da mugun Bature a ofis abin ke faruwa. Tsari in ya karkace, ko wa aka zaunar a kujera haka zai ci gaba da aiki. Shekara guda bayan haka wani alƙali a Shikago ya bi tambayoyin irin wannan jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ƙalilan ne kawai ke da son kai, ya bar su. Kun ga alƙalai ma kansu bai haɗu ba.

To me ke kawo shi? Wasu sun ce talauci, kuma suna da hujja. Jariran baƙar fata a Amurka sun kusan ninka na farare wajen zuwa duniya da ƙarancin nauyi. Tsofaffin gidajen haya na unguwannin talakawa har yanzu akwai fenti mai dalma, wanda sai a 1978 aka hana shi. A garin Flint na jihar Mishigan, inda baƙaƙe suka fi yawa, hukuma ta canja hanyar ruwan sha a 2014, dalma ta shiga famfo, sai da likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon jinin yara a 2015 kafin a yarda. Mutanen Maraɗi sun san abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Tana cin ƙwaƙwalwa, kuma ba ta mayar da abin da ta ci. Amma mai cewa talauci ne ba launi ba, sai a tambaye shi: wa ya ajiye baƙaƙen a waɗannan unguwanni? Kuma kaso mai yawa na kuɗin makaranta a can daga harajin gidajen yankin yake fitowa, unguwar talaka makarantar talaka.

Wasu sun ce idon malami ne. Kusan 8 cikin malamai 10 na makarantun gwamnati farare ne. Yaro biyu su yi tashin hankali iri ɗaya, ɗaya a ce yana buƙatar taimako, ɗaya a ce ba ya jin magana.

Sai a 2015 Paul Morgan da George Farkas suka jefa dutse cikin kasuwa. Suka ce in ka kwatanta yaro baƙi da fari masu maki iri ɗaya, daga gidaje masu samu iri ɗaya, baƙin ne ma ba a cika ba shi taimakon ba. Wato a ganinsu matsalar ita ce ana barin yaran ba kulawa. An yi musu ca, an ce ai makin da suke kwatantawa da shi, shi ma wariyar ce ta haife shi. Daga baya wani bincike a jihar Fulorida, na su Todd Elder da David Figlio, ya nuna abin da ni nake ganin ya fi kusa da gaskiya: a makarantar da farare suka fi yawa, ana saurin manna wa yaro baƙi tambarin, a makarantar da kusan kowa baƙi ne, mai buƙatar taimako na gaske ba a ma ganinsa. Duka biyun cuta ce. Shi ya sa ban yarda da mai kirga kawuna kawai ba. A tambaya wane tambari aka ba yaron, wane ɗaki aka kai shi, kuma ko akwai ranar fitowa.

Ba Amurka kaɗai ba. A Ingila Bernard Coard ya fitar da ɗan littafi a 1971 kan yadda ake cusa 'ya'yan baƙaƙen Karibiyan a makarantun "masu ƙarancin basira". A 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kama ƙasar Cek da laifin yi wa yaran ƙabilar Roma irin haka.

Ta fannin doka, tun 2004 gundumar da aka samu bambancin ya yi yawa dole ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin IDEA don taimakon yara tun da wuri. Sai dai kowace jiha ita ke faɗin inda "yawa" ya fara, wasu suka ɗaga ma'aunin har ba mai taɓa shi. Gwamnatin Obama ta kawo hanyar lissafi guda a 2016, ministar ilimin Trump, Betsy DeVos, ta ɗage ta a 2018, kotu ta ce ɗagewar ta saɓa doka a 2019.

Da yawanku kuna da yaya ko kawu a Niyok ko Greensboro. Ɗansu baƙi ne, kuma a gida Hausa ko Zabarmanci yake ji, kaya biyu ke nan a kai ɗaya. Ku faɗa musu: makaranta ba ta da ikon yi wa yaro gwajin farko sai da amincewar iyaye a rubuce. Doka ta ce a gwada shi da harshen da zai fi nuna abin da ya sani, kuma rashin Turanci kaɗai ba ya zama dalilin kiransa mai naƙasa. A zaman tsara karatunsa, wanda suke kira IEP, uwa da uba suna da kujera, suna da haƙƙin tafinta. In ba su gamsu da gwajin ba, suna iya neman wani gwani daga waje ya sake. In kuwa yaron na buƙatar taimakon da gaske, kar kunyar "me za a ce a gida" ta sa su ƙi sa hannu.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara daga ɓangaren mata.