Amsoshin Takardunku: Mabiyiya Ta Manne, Dole Ne Sai An Cire Mahaifa?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Dabai, ƙasar Zuru. Ya ce sau biyu ana yi wa maiɗakinsa fiɗa wajen haihuwa, yanzu ga ta da cikin wata bakwai, hoton ciki kuma ya nuna mabiyiya ta manne wa mahaifa. Yana tambaya, wai shin ba wata dabara sai an cire mahaifar?

To Malam, Allah Ya raba lafiya. Ita mabiyiya bisa al'ada takan faɗo cikin rabin awa bayan haihuwa. Amma inda akwai tabon fiɗa ko na wankin ciki, takan kafa saiwa cikin naman mahaifa kamar rogo a busasshiyar ƙasa. In aka ja ta da ƙarfi, jini ne zai ɓalle, cikin ɗan lokaci sai rai ya yi halinsa. Don haka jan cibiya da busa kwalba da ungozoma kan sa a gida, a nan haɗari ne tsantsa.

Dabara akwai. Likita kan ciro jariri ta fiɗa, ya yanke cibiya, ya bar mabiyiyar a ciki ya ɗinke, jiki ya narkar da ita sannu a hankali. In wurin da ta manne kaɗan ne, sai a yanke wurin kawai a gyara mahaifar. A wani binciken Faransa na 2010, cikin mata 167 da aka gwada ceton mahaifarsu, 131 sun tsira da ita, ɗaya ta rasu. Narkewar kuwa ta kan ɗauki kamar wata uku.

Wata ukun nan fa shi ne maganar, Malam. Kowane dare jini na iya tsinkewa, ko zazzaɓin ruɓa ya taso. Matar Faransa asibiti na kusa da ita. Kai kuwa daga Zuru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiya ce ta awoyi. In ba za ta iya zama kusa da babban asibiti ba, ni dai a ganina cire mahaifar ya fi aminci, kada ka hana likita.

Tun yanzu ka karɓi takardar turawa daga babban asibitin Zuru, domin irin wannan fiɗa akan yi ta tun ciki na wata takwas, kafin naƙuda. Ka sayar da dawarka da wuri, ka nemi masauki, ka kuma tafi da 'yan'uwa majiya ƙarfi da za su ba da jini.