Faifan Marfin Kwalba: Shawara Kan Kyautar Malamanmu



Shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda suka yi ritaya da waɗanda ke bakin aiki, yayyena da ƙannena, 'yan ajinmu, ina yi muku barka da zuwa. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka taso daga Shinkafi da Zurmi suka iso nan Ƙaura, domin kowa ya san halin da hanya take ciki. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kwamiti ya ba ni minti 15 in yi magana a kan kyautar da ƙungiya ke ba malamai duk shekara. Abin da muka saba shi ne mu tara kuɗi, mu tura mutum Gusau ko Kano ya sayo agogon bango, ko allon yabo mai ɗauke da sunan ƙungiya. Ba na raina wannan, an yi shi da zuciya ɗaya. Amma akwai malamin da ke zaune a cikin wannan ɗaki wanda agogonmu uku ne rataye a falonsa, kuma ba na jin duka ukun suna tafiya. Shawarata ita ce bana mu sauya, mu ba malamanmu abin da aka ɗinka da hannu a cikin garin nan. Ga samfurinsa sakatare zai zagaya da shi, kowa ya taɓa ya ji.

Abin da kuke gani marafan kwalbar lemo ne, aka lulluɓe kowanne da ƙyallen atamfa, sannan aka ɗinke su gefe da gefe. Ni ina kiransa faifan marfin kwalba, domin ɗan'uwan faifan da iyayenmu mata ke saƙawa ne. Sai dai shi ba a rufe ƙwarya da shi, kuma ba a bakace. Aikinsa a ɗora masa abu mai zafi: butar shayi, ko samira, ko langar miya. Ƙaramin kuwa na ɗora kofi ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gindin tukunya ke narkar da ledar ɗaki, ya bar mata zobe baƙi har ranar da za a ɗage ta, ya san amfaninsa.

Shi kansa marfin yana da tarihi. Wani mutum mai suna William Painter, a birnin Baltimore na Amurka, shi ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajista a 1892. In kun ƙirga haƙoran na yau za ku samu 21. Waɗannan haƙora su ne ke riƙe ƙyalle kada ya zame.

Ga yadda ake yi, kamar yadda yayata ta koya mini. Da farko a zaɓi marafan da mabuɗi bai lanƙwasa su sosai ba, kuma ba su yi tsatsa ba. A wanke su da sabulu, a ɓamɓare 'yar robar nan da ke ciki, a shanya su a rana su bushe ƙarau. Wannan shanyar ita ce rabin aikin, domin marfin da aka rufe da laima zai yi tsatsa, tsatsar ta bullo ta ƙyallen bayan wata biyu ko uku. Daga nan a kifa gwangwanin madara a kan ƙyalle, a zagaye shi da alli ko fensir, a yanke. Faɗin da'irar ya kai kamar santimita 7, wato ya ninka faɗin marfin ya ɗan ɗara. A bi gefenta da allura da zare, ɗinki ƙanana a jere, kada a ƙulle. A sa ɗan gutsuren auduga a tsakiya, a kifa marfin a kai, sai a ja zaren. Nan take ƙyallen zai tattaru kamar bakin jakar kuɗin tsofaffi, ya rufe marfin ruf. Sai a ƙulle sau biyu.

Wajen haɗawa ne malamanmu na lissafi za su ji daɗi. In ka ajiye marfi ɗaya a tsakiya, guda 6 ne daidai za su kewaye shi, ba ƙari ba ragi. Wannan 7 ke nan, mazaunin kofi. Zagaye na biyu yana cin 12, ya zama 19, wanda ya isa buta. Na uku yana cin 18, ya zama 37, wannan ko babbar samira ce zai ɗauke ta. Kowane zagaye yana fin na bayansa da shida, kuma siffar da ke fitowa irin ta saƙar zuma ce, mai kusurwa shida. Malamin da ya koya mana wannan a kan allo yana nan zaune. Ni dai sai da na riƙe allura na gan shi da idona. A ɗinke kowane marfi da duk maƙwabcin da ya taɓa shi, ta ƙasa, da zare ninki biyu. Mai son ƙarko sai ya shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri a ƙasan, ya rufe ɗinkin.

Wani zai ce ai ƙarfe yana ɗaukar zafi. Gaskiya ne. Amma cikin marfin fanko ne, iska ce a ciki, ita kuwa iska ba ta kai zafi da sauri. Ga auduga a sama, ga ƙyalle a ƙasa, sannan haƙoran kaɗai ke tokare da tebur. Sharaɗi ɗaya ne ba a ketarewa: ƙyallen ya zama na auduga. Leshi da yadin roba narkewa za su yi su manne wa buta. In kana shakka, kai ɗan gutsuren yadin bakin ashana. Na auduga zai ci ya zama toka, na roba zai dunƙule ya yi ƙwallo. Haka kuma ba a yi shi don tukunyar da aka sauke daga murhun itace da baƙinta ba, kuma ba a jiƙa shi a ruwa, gogewa ake yi.

To, su wa za su ɗinka? Wannan ne ainihin dalilin da ya sa na karɓi wannan magana.

Mu 'yan wannan yanki mun san auduga. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, gyaɗa da auduga jirgi ya riƙa kwasa daga nan a wancan zamani. Masakar Gusau ta daɗe da tsayawa, kuma atamfar da ke kasuwanninmu yau mafi yawanta daga waje ake kawo ta. Amma ragowar ƙyalle bai ƙare ba. Ku leƙa ƙarƙashin keken kowane tela ana saura mako guda Sallah, za ku ga abin da ake sharewa a ƙone. Hannuwan da za su yi aikin ma ba su ƙare ba. A unguwanninmu akwai matan da rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Da yawansu da sun saba saƙar faifai da tabarma, amma yanzu shiga daji yankan kaba sai wanda ya sayar da ransa. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Wanda sana'arsa ta dogara da Alhamis ɗin Shinkafi ya sha wuya. Wannan aiki kuwa ba ya bukatar jari, ba ya bukatar daji. Allura ce da zare da wurin zama.

Ba zan ce muku zai riƙe gida ba. A wurin aiki na sha ganin takardun koyar da sana'a: a tara mata kwana uku, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida, a watse, babu wanda ya tambayi wa zai sayi abin da suka koya. Bambancinmu shi ne mu ne masu sayen, kuma kuɗin yana hannu. Kuɗin agogon ne. Abin da nake roƙo shi ne a biya su daidai da wahalar. Ni da ba gwani ba, mai 19 ɗin nan yammaci biyu ya ci mini. Wanda bai taya agogo a Kano ba, kada ya zo yana tayin allurar gwauruwa.

Ga lissafin. A ce malamai 20 za mu karrama, kowanne a ba shi mazaunin buta ɗaya da na kofi huɗu. Marafa 47 ke nan ga mutum ɗaya, 940 ga duka. Akwatin lemo yana ɗaukar kwalba 24, saboda haka marafan akwati 40 muke nema. Da can wannan aikin yini ɗaya ne ga yara, lokacin da muke tsintarsu muna buga ƙwallo da su a ƙasa. Yanzu lemon roba da na gwangwani sun yi yawa, kuma marfin roba ba ya wannan aiki. Sai mun bi masu shaguna da masu hidimar biki mun ce su tara mana. Akwai 'yan ƙungiya masu shago, na ga biyu suna sunkuyar da kai.

Na san abin da wasu ke raɗawa a baya, cewa yanzu shara za mu ba malamai? Iyayena malamai, ku ne kuka sa mu kawo tsintsiya da igiya da faifai ranar aikin hannu, kuna dubawa kuna ba da maki. Ku ne kuma kuke ƙorafi da aka wayi gari yaro na miƙa kuɗi a maimakon abin da ya yi da hannunsa. In har kuna ganin wannan kyauta ta yi muku kaɗan, ku faɗa yanzu, mu koma wa agogo, ba za mu ji haushi ba.

Abu biyu nake nema daga shugaba. Na ɗaya, a sa wannan shawara a ƙuri'a kafin a tashi. Na biyu, in ta wuce, a naɗa mutum uku, ɗaya daga Ƙaura, ɗaya daga Shinkafi, ɗaya daga Zurmi, su nemo matan, su kuma yi magana da shugaban makaranta ko zai ba mu aron aji ɗaya ranar Asabar, domin ɗaliban da ke sha'awa su zauna su koya tare da su. Akwai bokiti a bakin ƙofa. Wanda ya sha lemo a wurin nan, don Allah kada ya yar da marfin.